Likita Ronald Ross da Asirin da Ke Cikin Jinin Gwara

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Gwarzo ko ta Kabo ya san gwara. Ita ce 'yar tsuntsuwar nan da ke sauka a gindin turmi in mata sun gama surfe, tana tsintar tsabar da ta zube, in an kore ta sai ta hau danga ta jira a ba da baya. Ba a kiwonta, ba a kai ta kasuwa, ba wanda ya ɗauke ta a bakin kome. Haka kuma duk yaron da ya tashi a nan ya san zazzaɓin damina. Da zarar ruwa ya zauna, kududdufai suka cika, gero ya fara fid da kai, sai ka ga aji ya ragu. Wannan yana kwance yana rawar ɗari da tsakar rana, wancan kansa na sara, wani kuma an kai ƙanwarsa asibiti. Kowace shekara akwai gidajen da ake zuwa yi wa ta'aziyyar ƙananan yara saboda wannan ciwo.

To, me ya haɗa gwara da zazzaɓi? Labarin wani likita ne ya haɗa su, sunansa Ronald Ross. A yau ko ɗan aji ɗaya ya san sauro ke kawo ciwon nan, har ma da sunansa ake kiransa, watau zazzaɓin cizon sauro. Amma akwai zamanin da babu wanda ya san haka a duniya duka. Sai da mutumin nan ya yi shekaru yana wahala kafin abin ya tabbata, kuma a cikin jinin ƙananan tsuntsaye ya ga ƙarshen al'amarin.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Ronald Ross ran 13 ga watan Mayu, 1857, a wani gari da ake kira Almora, a gindin manyan duwatsun Himalaya, can arewacin Indiya. A zamanin nan Indiya tana hannun Ingilishi, ubansa kuwa hafsa ne cikin sojansu, har daga baya ya zama janar. Ronald shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Da ya kai shekara takwas aka sa shi a jirgin ruwa aka kai shi Ingila, wurin dangin iyayensa, don ya yi karatu.

Abin da yaron ya fi so a makaranta shi ne zane da kiɗa da tsara waƙa da lissafi. Yana da shekara 16 ya zo na ɗaya a Ingila duka a wata jarrabawar zane. Aikin likita bai taɓa shiga ransa ba. Amma ubansa shi ya zaɓa masa aikin nan, shi kuwa bai ƙi maganar uba ba. A 1874 ya shiga makarantar likitoci ta asibitin St Bartholomew a Landan. Gaskiya ita ce bai yi wata himma a can ba, yawancin lokacinsa wajen rubuce-rubuce ya tafi, har ya faɗi ɗaya daga cikin jarrabawarsa. Ya yi aikin likita a wani jirgin ruwa mai kai da kawowa tsakanin Ingila da Amurka, sa'an nan ya sake zama ya ci. A 1881 aka ɗauke shi likitan soja, aka mai da shi Indiya inda aka haife shi.

A 1883 yana aiki a garin Bangalore, sauro ya hana shi barci a gidan da aka ba shi. Da ya bincika sai ya tarar da wani baho cike da ruwa a bayan tagarsa, tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil a ciki. Ya gane 'ya'yan sauro ne, ya kifar da ruwan, sauro ya ragu ƙwarai. Ya ba da shawara a yi haka a barikin duka, aka yi masa dariya. A lokacin shi kansa bai san sauro na da hannu cikin zazzaɓi ba, barcinsa kawai yake nema.

Abin da aka sani kafinsa

Tun zamanin da, mutane sun lura zazzaɓin nan ya fi yawa a wuraren fadama. Mutanen Italiya suka ɗora laifin a kan iskar da ke tasowa daga ruɓaɓɓen ruwa, suka kira ciwon malariya, ma'anarsa muguwar iska. A ƙasarmu ma wasu sukan ce danshin damina ne, wasu su ce cin sabon amfanin gona ne. An san kwinin yana maganinsa, amma ba a san abin da kwinin ɗin yake kashewa ba.

A watan Nuwamba na 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, yana aiki a birnin Constantine na ƙasar Aljeriya, ya ɗiga jinin wani mai zazzaɓi a ƙarƙashin madubin likita, watau na'urar nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani. Sai ya ga wani abu mai rai yana motsi a cikin jinin. Ashe ciwon wata 'yar halitta ce da ke shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana ci tana hayayyafa, ta fasa su ta fito ta shiga waɗansu. Duk sa'ad da suka fashe, sai jiki ya ɗauki rawar ɗari da zafi. In ta ci ƙwayar jini takan bar wani baƙin tabo kamar garin gawayi, da shi ake shaida ta.

Bayan shekara biyar, a 1885, wani malami mai suna Danilewsky a birnin Kharkov, a ƙasar Yukiren wadda a lokacin take ƙarƙashin Rasha, ya tarar da irin halittun nan a jinin tsuntsayen daji. Mutane ba su damu da wannan labari ba, don ba su ga amfanin sanin ciwon tsuntsu ba. Babbar tambayar da ta rage ita ce, ta ina halittar nan take shiga jikin mutum?

A 1889 Ross ya yi aure a Ingila, sunan matarsa Rosa Bloxam. A 1894 ya sake komawa hutu, ya sadu da wani dattijon likita a Landan, Patrick Manson. Shi Manson ya daɗe yana aiki a ƙasar Sin, a can ya gano cewa tsutsar da ke kawo tundurmi a cikin sauro take girma. Kafin haɗuwarsu Ross bai ma yarda da abin da Laveran ya gani ba, domin ya duba sau da yawa bai gani ba. Manson ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake dubawa, ya gani da idonsa, ya karɓi kuskurensa. Sa'an nan Manson ya gaya masa zatonsa, cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. Zato ne kurum, ba hujja. Ross ya ɗaura niyyar nemo hujjar.

Shekara biyu na wahala

Ya koma Indiya a 1895, aka ajiye shi a barikin Secunderabad. Ba aikin bincike aka ba shi ba, aikin duba sojoji ne, sai in ya sami sarari ya koma kan madubinsa. Yakan kama sauro, ya sa su ciji mai zazzaɓi a cikin gidan sauro, sa'an nan ya feɗe su ɗaya bayan ɗaya da 'yan allurai, ya duba kowace gaɓa. Ku dubi ƙanƙantar sauro, ku yi tunanin mai neman wani abu a cikin tumbinsa. Sauro guda yakan ci masa sa'a biyu ko fiye. Ya feɗe ɗaruruwa bai sami kome ba, domin bai san sauro iri-iri ne ba, kuma irin da yake ta kamawa ba su ne masu ɗaukar zazzaɓin mutum ba. A cikin shekarun nan shi kansa ya kwanta zazzaɓi, ya kuma kamu da kwalara, da ƙyar ya tashi. Abin da ya riƙe shi shi ne wasiƙun Manson. Su biyun sun rubuta wa juna wasiƙa fiye da 170 cikin shekara huɗu.

A watan Agusta na 1897 aka kawo masa wani irin sauro da bai saba gani ba, mai ɗigo-ɗigo a fukafukai, wanda in ya sauka a bango yakan ɗaga bayansa sama. Shi ne ake kira Anopheles. Ran 16 ga wata ya sa su suka ciji wani majinyaci mai suna Husein Khan, ana biyansa ana ɗaya a kan kowane sauro, watau kimanin kwabo guda na kuɗin da. Kullum Ross ya feɗe kaɗan daga cikinsu. Zafi ya tsananta, ga shi ba ya yarda a yi masa fifita don kada iska ta kwashe abin da yake dubawa. Gumi ya sa kusoshin madubinsa suka yi tsatsa, gilashin da yake sa ido kuma ya tsage.

Ran 20 ga Agusta saura sauro biyu. Ya feɗe ɗaya, ya bi jikinsa duka bai ga kome ba, sai tumbi ya rage. Idonsa ya gaji, amma ya daure ya duba. A jikin bangon tumbin sai ya ga waɗansu 'yan ƙuraje kewayayyu, a cikin kowanne akwai baƙin tabon nan irin na ƙwayar zazzaɓi. Kashegari ya feɗe na ƙarshen, ya tarar da su, har sun ƙara girma. Abin da ke girma kuwa mai rai ne. Saboda wannan ne har yau ake tunawa da 20 ga Agusta a kan ita ce ranar sauro ta duniya.

Yadda tsuntsaye suka ƙarasa aikin

Murna ba ta daɗe ba. Bayan 'yan makonni manyansa suka tura shi wani ƙaramin bariki mai suna Kherwara, inda ba a cika samun masu zazzaɓi ba. Ya yi watanni a can ransa a ɓace, har ya yi tunanin barin aiki. Manson ya yi ta kai da kawowa a Landan, sai a watan Fabrairu na 1898 aka mai da shi birnin Kalkata, aka ba shi ɗakin bincike.

A nan ma ya tarar da wata matsala. Annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa ta shigo Indiya, mutane sun tsorata, ba mai yarda likita ya soke shi da allura ko da za a biya shi. Sai Ross ya tuna da abin da Danilewsky ya gani a jinin tsuntsaye, Manson ma ya taɓa ba shi shawarar haka. Tsuntsu ba ya jin jita-jita, ba ya neman lada, kuma ana iya sa shi a keji a san duk abin da ya cije shi. Ya sami wani mataimaki mai ƙwazo, Muhammad Bux, wanda ya gwanance wajen kamo sauro da tsuntsaye. Ɗakin ya cika da kejuna: ga tantabaru, ga hankaki, ga tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa a reshe, ga kuma gwara ta ƙasar Indiya, 'yar'uwar tamu.

Da dare sai a sa keji cikin gidan sauro, a saki sauro a ciki. Da safe a tsince su sun ƙoshi da jini, a sa kowanne a kwalba, a rubuta kwanan wata. Wannan karon sauro mai ruwan toka ya yi amfani da shi, wanda ake kira Culex, shi ne mai yawan kuka a kunne, mai haihuwa cikin ƙazamin ruwan kwata. Sauron da ya sha jinin tantabara bai nuna kome ba. Amma wanda ya sha jinin ƙananan tsuntsaye masu wata irin ƙwaya dabam, sai ga ƙurajen nan a tumbinsa.

Don kada a ce dace ne, sai ya yi wani gwaji da kowane ɗalibi ya kamata ya riƙe. Ya zaɓi gwara uku: ɗaya jininta cike da ƙwayar ciwon, ɗaya tana da kaɗan, ɗaya ba ta da ko guda. Ya sa sauro ya ciji kowace, ya feɗe goma-goma. A cikin goman farko ya ƙidaya ƙuraje fiye da 1,000. A cikin na biyu ya sami kusan 300. A cikin na uku bai sami ko ɗaya ba. Wannan ya nuna ƙurajen daga jinin tsuntsun suke fitowa. Wani matashin likita ɗan ƙasar Kanada, MacCallum, ya riga ya gani a jinin hankaka a 1897 cewa ƙwayoyin nan suna da mace da namiji, suna haɗuwa. Yanzu aka gane a tumbin sauro suke yin wannan haɗuwa, ƙurajen kuwa su ne 'ya'yan da suka haifa.

Ross ya ci gaba da bin su kwana bayan kwana. Bayan kamar mako guda sai ya ga ƙurajen sun nuna sun fashe, waɗansu 'yan tsinkaye sirara, dubbai, sun watsu cikin jikin sauron. Ina za su? Har lokacin Manson yana zaton sauro yakan mutu a ruwa ne, mutum ya sha ruwan ya kamu. Ran 4 ga watan Yuli, 1898, Ross ya bi tsinkayen nan har ya tarar sun taru a wata 'yar jaka kusa da wuyan sauro, wadda hanyarta ta bi ta cikin tsinin bakinsa. Jakar yawu ce. Macen sauro, domin ita kaɗai ke shan jini, takan fara tofa yawu a cikin fata kafin ta tsotsa, don kada jinin ya daskare. Ashe ta nan ciwon yake shiga.

Saura hujja ta ƙarshe. Ya ɗauki gwara masu lafiya, waɗanda ya duba jininsu ya tabbata ba kome, ya sa sauro mai ɗauke da tsinkayen ya cije su. Cikin gwara 28, guda 22 suka kamu bayan 'yan kwanaki. Ya buga wa Manson waya. A ƙarshen watan Yuli Manson ya tashi daga jinya ya tafi birnin Edinburgh, ya bayyana labarin a gaban babban taron likitocin Ingila. Daga tsuntsu zuwa sauro, daga sauro zuwa tsuntsu, an ga hanyar ciwon tun daga farkonta har ƙarshenta.

Gardama, da zuwansa Afirka ta Yamma

Ross ya so ya maimaita aikin a kan zazzaɓin mutum, amma aka tura shi lardin Assam binciken wani ciwo dabam. Kafin shekarar ta ƙare waɗansu malamai uku na Italiya, Grassi da Bignami da Bastianelli, suka nuna cewa zazzaɓin mutum haka yake bi, kuma Anopheles ne kaɗai ke ɗaukarsa. A nan wani hali na Ross da ba abin koyi ba ne ya fito fili. Ya zargi Grassi da satar aikinsa, suka yi ta jifan juna da baƙaƙen maganganu shekara da shekaru. Daga baya har tsakaninsa da Manson, wanda ya ɗora shi a hanya, sai da aka yi sanyi. Alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: da Laveran da Danilewsky da Manson da Grassi da Muhammad Bux, kowa da irin nasa ƙoƙari a cikin aikin nan.

A 1899 ya bar aikin soja ya zama malami a sabuwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool. A watan Agusta na shekarar nan ya sauka Freetown, babban birnin Saliyo, ya tarar da ƙwayar zazzaɓin mutum a cikin Anopheles na Afirka. Ya kuma lura cewa irin sauron nan ya fi son 'yan ƙananan ruwaye da ke kwance a rana. A 1901 ya komo, aka ɗauki ma'aikata suna cike ramuka suna kwashe gwangwanaye da kwalabe. Da aka daina aikin, sauro ya komo. A tafiyar nan ya zo Ikko, watau Legas, inda Gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne, yake janye ruwan fadamu yana raba kwinin. Waɗansu masu mulki na zamanin Turawa sun yi amfani da sabon ilmin nan don kare kansu kaɗai, suka ware unguwanninsu nesa da gari, irin ta Nasarawa a Kano. MacGregor bai yarda da wannan ba, a ganinsa a kula da lafiyar mutanen gari duka shi ne daidai.

A 1902 aka gayyaci Ross garin Isma'iliyya da ke bakin mashigin Suez a Masar. Aka bi shawararsa sosai, cikin 'yan shekaru zazzaɓi ya kusan ƙarewa a garin. A wannan shekara aka ba shi kyautar Nobel, shi ne mutumin Birtaniya na farko da ya same ta. A 1911 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir.

Lissafin da ya so tun yana yaro bai tashi a banza ba. Masu musu sun ce ba mai iya kashe sauro duka, saboda haka aikin banza ne. Ross ya zauna ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe duka ba. In an rage yawansu ya sauka ƙasa da wani adadi, ciwon ba zai iya ci gaba da yaɗuwa ba, sai ya mutu da kansa. Ya rubuta babban littafi a kan hana zazzaɓi a 1910.

Ƙarshen rayuwarsa ba ta rasa baƙin ciki ba. An kashe babban ɗansa namiji a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1914. A 1926 aka buɗe wata cibiyar bincike da sunansa a unguwar Putney a Landan. Matarsa ta rasu a 1931, shi kuma ya bi ta ran 16 ga Satumba, 1932, yana da shekara 75.

Abin da ya bar mana

Bayan mutuwarsa tsuntsaye ba su daina koya wa likitoci ba. A jikin kanari da 'yan tsaki aka riƙa gwada sababbin magunguna, har da Paludrine wanda ya fito a 1945. A jikin tsuntsaye aka fara gani, cikin shekarun 1930, cewa ƙwayar takan ɓuya a waɗansu gaɓoɓi ban da jini, sa'an nan a 1948 aka gano cewa a jikin mutum hanta take fara sauka. An kuma gane dalilin da ya sa tantabarun Ross ba su ba shi amsa ba. A 1906 waɗansu likitoci 'yan'uwa biyu a Aljeriya, masu suna Sergent, suka nuna cewa ƙwayar jinin tantabara wani ƙuda ne ke ɗaukarta. Duk mai kiwon tantabara ya san shi, shi ne fatattakan ƙudan nan da ke gudu a karkace cikin gashinta.

Kajinmu da zabinmu da tantabarunmu da tsuntsayen dajinmu duk ana samun irin ƙwayoyin nan a jininsu. Da yawansu suna yawo da su lafiya ƙalau, domin sun daɗe tare. Waɗansu kuwa, musamman ƙanana, sukan rame, tukkunsu ya yi fari, ƙwai ya ragu. Annobar da ke share kaji da hunturu wata cuta ce dabam. Inda tsuntsaye ba su saba da ciwon ba, ɓarnarsa babba ce. A tsibiran Hawaii babu sauro sai da jirgin ruwa ya kai shi a 1826, daga baya zazzaɓin tsuntsaye ya shiga, ya taimaka wajen ƙarar da iri-iri na tsuntsayen ƙasar. Amma ku kwantar da hankalinku: zazzaɓin tsuntsu ba ya kama mutum, ko ta cizon sauro ko ta cin nama.

Namu zazzaɓin kuwa yana nan. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Nijeriya suke. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban gwaji a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani, an yi amfani da irin lissafin da Ross ya fara. Ciwon ya ragu ƙwarai, amma da aka daina sai ya komo, kamar yadda ya faru a Freetown. Yaƙi da sauro kamar noma yake, ba a yin sa sau ɗaya a ce an gama.

A ƙasar Kabo akwai madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, suna ba mu kifi da noman rani, alheri ne babba. Amma 'yan ruwayen da ke kwanciya a gefen lambu, da sawun shanu a bakin rafi, da ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, nan Anopheles ke zuba ƙwai, cikin kwana goma ko ƙasa da haka sun zama sauro. Ɗan makaranta yana iya cike rami, ya kifar da tsohuwar tukunya, ya tabbata ƙannensa sun kwana cikin gidan sauro, ya tuna wa iyayensa maganin rigakafin da ake raba wa ƙananan yara da damina. In zazzaɓi ya kama wani, a kai shi a gwada jininsa tun da wuri. In kuma kun ga gwara a gindin turmi, ku tuna a jinin 'yar'uwarta aka gano abin da ya ceci rayukan mutane masu ɗimbin yawa.

Tambayoyi

1. Me Ross ya tarar a bayan tagarsa a Bangalore, me kuma ya yi?
2. Don me ya koma kan tsuntsaye a Kalkata?
3. Bayyana gwajin gwara uku. Mene ne amfanin gwarar da ba ta da ciwo?
4. Yaya za ka bambanta Anopheles da Culex in sun sauka a bango?
5. Zaga unguwarku, ka rubuta wurare biyar da ruwa ke kwanciya, da abin da za a yi wa kowanne.